Daga Dandali Zuwa Shafin Jarida: Tarihin Hirar Hutu a Ƙasar Runka

1.0 Gabatarwa

Masana tarihin ƙasar Hausa sun daɗe suna amfani da tsofaffin jaridu wajen bincikensu, amma galibi shafin farko suke buɗewa. A can ne ake samun jawabin Gwamna, da naɗin sarauta, da muhawarar 'yan majalisa, da labarin haraji da na zaɓe. Da wuya mai bincike ya tsaya a kan shafukan baya, inda ake sa wasa ƙwaƙwalwa, da labarin sabon littafi, da sakamakon ƙwallo, da ɗan zane mai ban dariya, domin ana ganin waɗannan kayan hira ne kurum, ba su isa a kafa hujja da su ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta jawo hankalin mahalarta wannan taro zuwa ga waɗannan shafuka na baya, da kuma irin hirar da suka haifar a bakin masu karatu lokacin hutu. Ra'ayin da zan kare shi ne, sanarwar hukuma ita kaɗai ba ta isa ta zaunar da karatun boko a karkarar ƙasar Hausa ba. Abin da ya zaunar da shi shi ne mutane sun iske a cikin takarda irin abubuwan da suka saba jin daɗinsu a dandali. Duk abin da ya zo a shafin nishaɗi ya tarar da ɗan'uwansa a gida, to, ya yi saiwa. Wanda kuwa bai dace da harshen mutane da ɗabi'arsu ba, ya zauna a matsayin baƙo.

Na ɗauki ƙasar Runka ta zama misali saboda dalilai biyu. Na farko, karkara ce sosai, nesa da maɗaba'a da kantin littattafai, saboda haka hanyar da takarda ta bi ta isa can ita ce hanyar da ta bi ta isa yawancin ƙauyukanmu. Na biyu, a wannan zamani namu mutanen wannan yanki sun ɗanɗani abin da ke faruwa idan aka raba al'umma da hirarta.

2.0 Runka da Lokacin Hutunta

Runka gari ne a ƙaramar hukumar Safana, yamma da Dutsin-Ma, a gefen dajin Rugu wanda ya miƙe har cikin ƙasar Zamfara. Arewa da ita akwai Batsari da tsohon garin Ruma. A tsarin sarautar Katsina, Yarima ne hakimin Safana, Sarkin Ruma kuwa shi ke zaune a Batsari. Bayan da masu jihadi suka karɓi birnin Katsina a 1807, sarakunan da aka kora suka kafa zamansu a Maraɗi, sai wannan yanki ya zama bakin daga a tsawon ƙarni na 19, dajin kuma ya zama hanyar hari. Daga Ruma ne aka sami jarumi Ɗanwaire, wanda har yau ake ba da labarin yaƙe-yaƙensa. A farkon shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa ta mai da dajin Ruma da Kukar Jangarai makiyaya, aka gina madatsun ruwa domin dabbobi, abin da ya ƙara kawo ma'aikata masu karatun boko cikin yankin.

Kafin mu yi maganar hirar hutu, wajibi ne mu san mene ne hutu a wurin manomi da makiyayi. Da damina babu hutu. Sai an yanke gero da dawa an kai rumbu sa'an nan jiki ke sakewa, watau daga kaka zuwa rani, in an haɗa da kwanakin Sallah ƙarama da babba. A wannan lokaci ne dandali ke cika da dare, musamman da farin wata, kuma idan muka duba abin da ake yi a cikinsa za mu ga ya kasu kashi huɗu. Akwai wasan gwada basira, kamar kacici-kacici da dara. Akwai ba da labari, watau tatsuniya a bakin tsofaffin mata, da labarin mazan jiya a bakin dattawa, tare da gardamar da kan biyo baya a kan wa ya kyauta wa bai kyauta ba. Akwai wasan gwada ƙarfi, dambe ga mahauta, kokawa ga manoma, sharo ga Fulani, langa ga yara. Sa'an nan akwai ban dariya, irin na 'yan kama da 'yan gambara da wasannin tashe na watan azumi.

Da boko ya zo sai ya kawo nasa hutun, wanda ba ruwansa da damina ko rani. Ɗan makarantar kwana yakan dawo gida daga Katsina ko Zariya in an rufe makaranta, ma'aikaci kuma yakan zo ganin gida da Sallah. Su ne suka riƙa shigowa dandali da takarda a aljihu.

3.0 Yadda Takarda ta Shigo Cikin Hira

Kamar yadda aka sani, a 1933 ne Hukumar Talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Abin lura a nan shi ne, marubutan biyu na farko, watau Abubakar Imam da wansa Malam Bello Kagara, duka a Katsina suke koyarwa a lokacin. Hujjar East ta shirya gasar kuwa ita ce, waɗanda suka koyi boko ba su da abin karantawa in ban da littattafan aji, kuma wanda ba ya karatu don jin daɗi ba ya daɗewa bai mance karatun ba. Daga nan aka sami Magana Jari Ce, littafi uku, sa'an nan a watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam yana editanta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya.

Mataki na biyu shi ne Yaƙi da Jahilci na farkon shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Coomassie na Katsina yana cikin manyan jagororinsa. An buɗe azuzuwan manya a garuruwan hakimai da na dagatai, kuma da rani ne suka fi cika, lokacin da ba aikin gona. Domin kada waɗanda suka sami takardar shaida su koma gidan jiya, sai hukumar NORLA, wadda ta yi aiki har zuwa 1959, ta shiga buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna. Sakkwato ta sami Zaruma, Kano ta sami Sodangi, Zariya ta sami Bazazzaga, Lardin Katsina kuwa, wanda Runka ke cikinsa, ya sami Himma. Mataki na uku shi ne shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa na 1976, wanda ya kai makaranta ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba.

To, amma yawan jaridar da aka buga ba shi ne yawan waɗanda suka amfana da ita ba. A gari irin Runka masu karɓar jarida ƙalilan ne: malamin makaranta, da malamin daji, da malamin dabbobi, da malamin asibiti, da magatakardan mai gari. Sai dai jarida ɗaya takan yi kwanaki tana yawo daga zaure zuwa zaure, mutum ɗaya yana karantawa da ƙarfi, jama'a suna saurare, suna katse shi da tambaya da gardama. Ashe ke nan karatun jarida a karkara wani reshe ne na hira, mai karatu ya hau mazaunin mai ba da labari. Wannan shi ya sa abin da ya fi karɓuwa a cikinta shi ne abin da ake iya tattaunawa a kansa bayan an naɗe takarda. Bari mu ɗauki kashi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya.

4.0 Kayan Hira Huɗu

4.1 Wasa Ƙwaƙwalwa

A jaridun Turawa, sarkin wasannin gwada basira shi ne wanda zan kira wasan saƙar kalmomi, inda ake zana gidaje murabba'ai, a ba mai karatu alamu, ya cika gidajen da haruffa ta yadda kalmomin tsaye da na kwance za su ratsa juna su dace. A ranar 21 ga Disamba, 1913, jaridar New York World ta Amurka ta buga na farko, wanda Arthur Wynne, haifaffen Ingila, ya tsara domin shafin nishaɗi na makon Kirsimeti. Watau tun asalinsa ɗan hutu ne. Manyan jaridu sun fara da raina shi. The Times ta Landan ba ta sa shi ba sai 1930, New York Times kuwa sai 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, da editocinta suka ga masu karatu suna bukatar abin da zai ɗauke musu hankali daga labarin yaƙi.

Gidaje murabba'ai ba baƙon abu ba ne ga idon Bakatsine. Malamanmu sun san hatimi tun da daɗewa, inda ake jera lambobi ko haruffa a gidaje ta yadda duk layin da aka bi jimla ɗaya za a samu. Alal misali, hatimi mai gida tara, daga 1 zuwa 9, kowane layi nasa 15 yake bayarwa. Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin tsara irin waɗannan gidaje, kuma masana tarihin lissafi suna ambatonsa har gobe. Ba ina cewa hatimi wasa ba ne, domin ba a wasa aka ɗauke shi ba. Ina nufin dai tunanin layi ya ratsa layi ya daɗe a ƙasar. Haka kuma dara, mai gurbi talatin, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, gwani shi ne mai hangen tsaye da kwance a lokaci ɗaya.

Duk da haka wasan saƙar kalmomi bai yi saiwa da Hausa kamar yadda ya yi da Ingilishi ba. Ɗalibi ko ma'aikaci ya fi haɗuwa da shi a jaridun Turanci. A ganina dalilan suna cikin harshe da ɗabi'a. Ta fuskar harshe, rubutunmu yana da tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da ky da gw. Kalmar "tsatsa" gida shida za ta ci ko huɗu? In ba a yi ittifaƙi ba, mai tsarawa da mai cikewa ba za su haɗu ba. Har ila yau yawancin kalmomin Hausa da baƙi suke farawa, da wasali suke ƙarewa, saboda haka idan aka so ƙarshen wata kalma ya zama farkon wata, sai a ga zaɓi ya taƙaita ga irin su alƙali da ilmi da uwa. Daɗin daɗawa, maɗaba'o'i da yawa da kekunan rubutu ba su da ɓ da ɗ da ƙ, alhali a wannan wasa bambancin "kafa" da "ƙafa" shi ne komai.

Ta fuskar ɗabi'a kuwa, wannan wasa na mutum ɗaya ne da fensirinsa, a cikin shiru. Kacici-kacici na taro ne. Wani ya ce shanunsa dubu maɗaurinsu ɗaya, yara su yi ta faɗuwa har wani ya tuna tsintsiya, in an gaza a ba shi gari, ya ci garin da baki kowa yana dariya. Daɗin yana cikin idon jama'a. Saboda haka abin da ya karɓu a shafin Hausa shi ne tambayar wasa ƙwaƙwalwa da za a karanta a zaure kowa ya kawo amsarsa, daga baya kuma gidajen rediyo suka ɗauke ta, masu saurare suna aika amsa ta wasiƙa, a zamanin wayar hannu kuma ta kira. Wannan kuwa ba gazawar harshe ba ce. Kalma irin "fari", wadda a rubuce ɗaya ce amma tana nufin launi, da rashin ruwan sama, da ƙwarin da ke cin amfanin gona, da kuma soma abu, taska ce ga duk mai son tsara alamu masu rikitarwa.

4.2 Sharhin Littattafai

Tun kafin a san wani abu wai shi sharhin littafi a jarida, mai sauraren tatsuniya ya saba yanke wa Gizo da Ƙoƙi hukunci. Da littafi ya shigo sai aka ci gaba da haka. Ɗan makaranta ya dawo hutu da Ruwan Bagaja, ya karanta wa 'yan'uwansa babi ɗaya kowane dare, gardama ta tashi a kan ko Alhaji Imam ya fi Malam Zurƙe wayo ko kuwa mugunta kawai ya fi shi. Dattijon da ya ji labarin Ɗanwaire daga bakin kakansa ba zai saurari Ganɗoki bai gwada shi da jarumin ƙasarsu ba. Wannan shi ne sharhin farko da littattafanmu suka samu, kuma ma'auninsa biyu ne: labarin ya yi daɗi a kunne, kuma ya koyar da wani hali.

Ƙasar Katsina ba ta tsaya a karatu kawai ba. Ahmadu Ingawa ya rubuta Iliya Ɗan Maiƙarfi. Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito a gasar Kamfanin NNPC da Mallakin Zuciyata, wanda aka buga a 1980, ya sake fitowa a gasar gwamnatin tarayya ta 1982 da Turmin Danya, gasar da ta fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Zaɓi Naka na Munir Mamman Katsina. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma aka shiga zamanin littattafan soyayya masu araha, waɗanda suka bi 'yan makaranta da 'yan kasuwar ƙauye har suka shiga ɗakunan matan aure, ana haya, ana aro, ana karanta su a rediyo.

A kan waɗannan littattafai ne sharhi a rubuce ya yi zafin da bai taɓa yi ba. A shekarun 1990 jaridu irin su Nasiha da New Nigerian sun ɗauki muhawara mai tsawo tsakanin Ibrahim Malumfashi, wanda ya yi musu laƙabi da adabin kasuwar Kano, da Ibrahim Sheme, da Abdalla Uba Adamu, da Yusuf Adamu, da wasunsu. Idan muka lura, tambayar da manazarta suka yi ta juyawa ita ce wadda iyaye ke yi a zaure duk sa'ad da yarinya ta dawo hutu da littafi a ƙasan akwati: yana gyara tarbiyya ko yana ɓata ta? Kuma ko da me ke cikinsa, ba gara ta yi karatu da a ce ba ta yi ba? Ma'aunin dandali ne ya hau shafin jarida, ya sa rigar ilmi.

4.3 Wasanni

Wasannin da Turawa suka kawo Katsina ta sama suka shigo. Sarki Muhammadu Dikko ne ya kafa wasan folo a shekarun 1920, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a cikinsa. Kwalejin Katsina ta koyar da ƙwallon bango ta hannu, wadda Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Amma folo sai mai doki, ƙwallon bango sai inda aka gina bangon. Ƙwallon ƙafa ce kaɗai ta sauka ƙauye, domin fili da tsumma a ɗaure sun ishe ta, kuma ɗan makarantar da ya dawo hutu shi ne malaminta na farko.

A nan rediyo ya fi jarida tasiri, domin jarida takan iso bayan wasa ya yi kwanaki. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, ƙaramin akwatin rediyo mai batir kuma ya kai ga manomi da makiyayi. Da Nijeriya ta ci kofin ƙasashen Afirka a Legas a watan Maris na 1980, bayan ta doke Aljeriya da ci 3 da nema, da rani ne, lokacin da dandali ke cike. Haka nan kokawar ƙasa ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, ta sami masu bin ta a wannan gefen iyaka, domin harshe ɗaya ne, wasan kuma nasu ne.

Me ya sa labarin wasanni ya karɓu haka nan da nan? Saboda harshen yin sa ya riga ya nuna a bakin makaɗa. Mutanen da suka saba jin yadda Ɗan Anace ke wasa Shago, da kirari, da habaici ga abokin karawa, da ƙidaya waɗanda aka kayar, ba su bukatar a koya musu yadda ake hirar gwani. Kalmomin dambe da kokawa da yaƙi ne marubuta da masu sharhi suka ara: karawa, da lallasa, da yin kunnen doki, da kai hari, da tsaron gida. Da gidajen kallon ƙwallo suka bazu a shekarun 2000, samari suka rabu tsakanin Arsenal da Chelsea da Manchester United, sai ga tsohuwar gardamar Arewa da Kudu ta fagen dambe ta dawo da sababbin sunaye.

4.4 Labari Cikin Zane

Jaridar nan dai ta New York World ita ce a 1895 ta yi suna da zanen Richard Outcault na wani yaro mai rawayar riga, wanda ake lissafawa cikin mafarin labarin ban dariya na jarida. A ƙasar Hausa, masu buga littattafai a Zariya sun gane amfanin hoto tun da wuri. Magana Jari Ce cike yake da zane, littafin Sauna Jak kuwa labari ne da aka ba da shi cikin zane-zane, wanda waɗanda suka yi firamare a wancan zamani ba su mance da shi ba. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970 mujallar African Film ta kamfanin Drum, mai ba da labarin Lance Spearman cikin hotuna, ta zama abin rububi a makarantun kwana, kuma da ita ake dawowa gida hutu duk da cewa da Turanci take.

Amfanin zane ga tarihin karatu a fili yake. Yaron da bai san baƙi ko ɗaya ba yana iya bin labarin da ido, wansa yana karanta masa abin da aka rubuta a bakin mutanen, har wata rana ya matsu ya san abin da ke ciki da kansa. Tsani ne mai matakala kusa da ƙasa. Bugu da ƙari, gwarzon irin wannan labari galibi wawa ne ko mai wayon banza, kamar yadda sunan Sauna kansa ya nuna, kuma Bahaushe ya daɗe da ba irin wannan mutum izinin faɗin abin da mai hankali ba ya faɗa. Wawan sarki yana da wannan izini, ɗan kama yana da shi, mai tashe yana da shi. Wannan izini ne masu zanen siyasa suka gada, irin su Mustapha Bulama da ya yi suna a Daily Trust da Aminiya.

5.0 Hutun Dole

Duk abin da aka faɗa a baya ya dogara ne a kan sharaɗi ɗaya, watau mutane su iya zama waje da dare hankali kwance. Wannan sharaɗi ne ya karye a yammacin Katsina daga shekarun 2010, sa'ad da satar shanu ta rikiɗe ta zama harin 'yan bindiga da satar mutane, dajin Rugu ya sake zama hanyar hari kamar a ƙarni na 19. Ƙauyuka da dama na Batsari da Safana sun watse, mutanensu suka yi gudun hijira zuwa Batsari da Dutsin-Ma da birnin Katsina. A ranar 11 ga Disamba, 2020, aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnati ta rufe makarantun kwana. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan wayar hannu a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Safana da Batsari, aka kuma rufe kasuwannin dabbobi na wani lokaci.

Yara sun zauna gida a waɗannan watanni, amma ba wanda zai kira zaman hutu. Hutu na gaskiya yana da ranar komawa, yana kuma da dandali. Asarar rayuka da dukiya ita ce babba, ba a haɗa ta da komai. Amma akwai wata asarar da ba ta shiga rahoto. Tsohuwar da ta san tatsuniya ɗari tana gidan haya a birni, jikokinta suna wani garin. Akwatin ƙarfen da tsohon malamin makaranta ya tara Himma da littattafan NORLA a ciki an baro shi ga gara da gobara. Yaron da ya tashi a wannan tsakani ya rasa makarantar aji, ya kuma rasa ta dandali, wadda ita ce ke sa a yi sha'awar ta ajin. Ya kamata mu tuna cewa New York Times a tsakiyar yaƙi ta buɗe shafin wasa, domin editocinta sun gane mutum ba ya rayuwa da labarin tsoro kaɗai.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa kayan nishaɗi huɗu na jarida sun iske takwarorinsu huɗu a dandalin ƙasar Runka, kuma gwargwadon kusancinsu da takwarorin nan ne gwargwadon karɓuwarsu. Sharhin littafi, da labarin wasanni, da labari cikin zane sun zama 'yan gida. Wasan saƙar kalmomi ya tsaya a bakin ƙofa, saboda matsalar rubutu da kuma kasancewarsa wasan kaɗaici.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ta farko, masu kula da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, su ɗauki hoton tsofaffin jaridun Hausa daga bango zuwa bango, kada a zaɓi shafin siyasa a bar na wasa. Ta biyu, sassan Hausa da na tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ke maƙwabtaka da Safana, su tura ɗalibai wurin dattawan da suka yi ajin Yaƙi da Jahilci da tsofaffin malaman firamare, a tambaye su me suka fara karantawa don jin daɗi, wa ya karanta musu, a zauren wa. Yawancin waɗannan bayin Allah sun haura shekara tamanin, saboda haka aikin ba ya jiran gobe. Ta uku, masana harshe da ke wannan taro su yanke mana hukunci a kan tagwayen baƙaƙe, ko gida ɗaya za su ci ko biyu, domin malaman makaranta su sami damar tsara wasan saƙar kalmomi da Hausa, a zana shi a allo ajin duka su cika shi tare da baki, kamar yadda ake yin kacici-kacici.

Allah ya maido da zaman lafiya ƙasar Runka da kewayenta, ya sa yaranta su sake sanin hutun da ake ɗokin zuwansa.